Kafin A Isa Asibiti Da Bayan An Isa: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Ceton Wanda Ya Ji Mummunan Rauni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sashen gaggawa na asibiti a nan Katsina ranar jajibirin Sallah ya san yadda ake kawo mutane: wannan a bayan akori-kura, wancan a Keke Napep ƙafarsa na reto a waje, wani kuma an sako shi a babur tsakanin mutum biyu. Daga bakin masu kawo su na tattaro tambayoyin nan, direbobi da 'yan acaɓa da iyaye, wasu a harabar asibiti, wasu a majalisa bayan la'asar. Na amsa su da abin da binciken likitocin gaggawa ya tabbatar cikin shekaru sittin da ɗoriya da suka wuce. Yawancin abin da binciken ya gano mai araha ne, kuma kaso mai tsoka na aikin yana hannun wanda ya fara isa wurin, tun likita bai san an yi hatsarin ba.

An kawo shi yana magana, har da kansa ya ba da lambar wayar gida. Yaya aka yi ya rasu bayan awa biyu?

Galibi jini ne ya tsiyaye ta ciki. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Ƙashin cinya guda in ya karye yana iya ɓoye lita ɗaya ko fiye a cikin tsoka, karayar ƙashin ƙugu tana shanye abin da ya fi haka, saifa ko hanta in ta fashe kuwa, ciki ne zai yi ta cika ba tare da ko ɗigo ya taɓa riga ba. Jikin matashi yana da dauriya. Jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, awon jini ya nuna lafiya lau, har sai kusan kashi ɗaya cikin uku na jinin ya tafi, sannan mutum ya zube lokaci guda. Shi ya sa ma'aikacin da ya san aiki ba ya sakin jiki don majinyaci yana magana. Abin da yake dubawa shi ne tafin hannun da ya yi sanyi, gumi mai danƙo, ƙishirwa, numfashi sama-sama, da mutumin da ya soma ruɗewa ko ya yi lamo.

A 2003 likitocin wani asibiti a Landan suka nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu mummunan rauni, kafin su iso asibiti jininsu ya riga ya daina daskarewa yadda ya kamata. Sanyi yana ƙara dagula lamarin, domin jinin da ya huce ba ya yin guda da wuri. Wanda aka shimfiɗe a bayan akori-kura aka taho da shi daga Mashi cikin hunturu, riga jiƙe da jini, iska na kaɗa shi, ciwo ake ƙara masa ba a sani ba. Bargo ko babbar riga a nan magani ne. Ko a watan Afrilu a lulluɓe shi.

Ana cewa in ba a kai mutum asibiti cikin awa ɗaya ba, shi ke nan. Haka ne?

Wani likitan tiyata ne a Baltimo ta Amurka, R Adams Cowley, ya yayata maganar awar farko. Da masu bincike suka bi diddigi daga baya, ba su ga wata iyaka a minti sittin cif ba. Wanda babbar jijiyar cinyarsa ta yanke ko minti goma ba shi da su, wanda ƙwaurinsa ya karye ba tare da fata ta ɓule ba yana iya jira awanni. Amma tushen maganar yana nan daram: jinkiri yana kisa.

A 1998 aka buga wani bincike da ya kwatanta birane uku. Cikin masu mummunan rauni, kashi 35 cikin ɗari suka rasu a Siyatil ta Amurka, kashi 55 a Montare ta Meziko, kashi 63 a Kumasi ta Gana. Babbar tazarar ba a ɗakin tiyata ta fito ba, a hanya ta fito, domin a Kumasi kusan rabinsu sun cika kafin su ga ƙofar asibiti. Mu nan mun fi kama da Kumasi. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne, daga Katsina zuwa Kano ya ninka haka, ga shingaye a hanya, ga dare da ba kowa ke son fita a cikinsa ba. A kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra, amma hannu na kan aiki lokacin da ake kiran. Kuma a nufi asibitin da ke da tiyata da jini. Tsayawa a kemis don a ɗan wanke ciwo ya ci rayuka da yawa.

Ni ɗan acaɓa ne, ko firamare ban gama ba. Me zan iya yi wanda ba zai zama ɓarna ba?

Da yawa, ɗan'uwa. Fara da kanka, a tare hanya a kashe injin mota kada a sami hatsari na biyu. Sai ka nemi inda jini ke fitowa, ka yage tufar da ta rufe wurin ka gan shi da idonka. Ka dunƙule tsumma mafi tsabta da ke kusa, rawani ne, ɗankwali ne, riga ce, ka danne da ƙarfi, irin dannen da kai ma za ka ji a kafaɗarka. In ramin ciwon yana da zurfi, a cusa tsummar ciki har ta cika sannan a danne. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗagawa bayan minti ɗaya don a leƙa ko ya tsaya. Duk leƙe yana ɓalle gudan jinin da ya soma haɗuwa. In tsumma ta jiƙe a ɗora wata a kai, hannu kuma ya zauna wurin har asibiti. In ba safar hannu, a sa hannu cikin leda.

Ƙasa, toka, garin magani, man birki, fetur, babu wanda ke tsayar da jinin jijiya, sai dai su bar wa likita aikin kankara, su kuma buɗe ƙofa ga tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Wuƙa ko ƙarfen da ya shige jiki kada a zare shi, a tokare gefensa da tsumma a tafi da shi haka. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe kamar gungume, mutum ɗaya riƙe da kai don kai da wuya da baya su juya tare, kada amai ko jini ya shaƙe shi. Jan mutum ta hammata, kai na lilo, yana iya mayar da tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada.

Ko wannan yana aiki? An gwada. Tsakanin 1997 da 2001, a arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ke tashi da manoma, wasu likitocin Norway suka horar da ƙananan ma'aikatan lafiya 135 da ƙauyawa sama da 5,000. Ba jirgin sama, ba tsararrun motocin asibiti, tafiyar awanni ce zuwa wurin tiyata. Mace-macen ya sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa kusan 15. A Gana ma an koya wa direbobin haya sama da 300 irin wannan, saboda an lura su ne ke kai yawancin masu rauni asibiti. A ganina babu wurin da ya fi dacewa a kai wannan darasi kamar tashoshin motarmu da ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na 'yan sa-kai a ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana.

In aka ɗaure ƙafa tamau don jini ya tsaya, ba za ta ruɓe a yanke ba?

Shekaru da dama likitoci ma wannan tsoron suke yi, har ana hana ɗaurin. Yaƙin Iraƙi da Afganistan ne ya juya ra'ayi. Likitocin sojan Amurka suka tattara bayanan ɗaruruwan waɗanda aka ɗaure wa hannu ko ƙafa, suka ga cewa waɗanda aka ɗaure wa da wuri, kafin jini ya ƙare, sun fi rayuwa nesa ba kusa ba, kuma da wuya ɗaurin kansa ya jawo yanke gaɓa. Daga 2015 aka soma koya wa farar hula wannan a Amurka.

Amma da ƙa'ida. Ana yin sa ne a hannu ko ƙafa, in jini na tsartuwa kuma danne ya gaza. Ƙyalle mai faɗin yatsu uku ake nema, banda waya, banda siririyar igiya. A ɗaura sama da ciwon da kamar faɗin tafin hannu, kada a kan gwiwa, a sa ɗan sanda a murɗa har jini ya tsaya cak, a ɗaure sandan. Zai yi ihu, ɗaurin yana da zafi, kada ihun ya sa a sassauta. Ɗaurin da bai matse sosai ba ya fi rashinsa muni, domin yana tare jinin da ke komawa ya bar wanda ke fitowa. A duba agogo a riƙe lokacin, shi ne abu na farko da za a gaya wa likita. Ƙasa da awa biyu yawanci ba ya barin illa mai ɗorewa. Cizon maciji kuwa daban ne, ba a yi masa irin wannan ɗauri.

Yana ta roƙon ruwa. A ba shi? Wasu ma madara suke ɗura masa.

Kada a ba shi. Ƙishirwar alamar zubar jini ce, ruwan kofi ba zai cike gurbin ba. In ya suma ko aka sa masa maganin barci don tiyata, abin da ke cikinsa yana iya dawowa ya faɗa huhu. A jiƙa masa leɓe kawai. Wanda ya suma kuwa, ko ruwan addu'a ne a shafa masa, kada a ɗura.

Mun kai shi, mun zaci za a jera masa ledojin ruwa, sai aka ce mu nemo jini. Ba ƙarin ruwa ne ke farfaɗo da mutum ba?

A da haka ake yi, leda bayan leda har awon jini ya hau. A 1994 aka buga sakamakon wani gwaji a Hiyustan ta Amurka kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki. Wasu aka soma ƙara musu ruwa tun a hanya, wasu aka dakata sai an shiga tiyata. Waɗanda aka dakata wa, kashi 70 cikin ɗari suka rayu, na farkon kashi 62. Dalilin ba ɓoyayye ba ne in ka taɓa ganin tiyon ruwa mai ɓuli: ƙara ƙarfin famfo ƙara tsiyaya ne. Ga shi ruwan leda ba ya ɗaukar iskar oksijin, ba ya daskarewa, yana tsinka jinin da ya rage, yana kuma sanyaya jiki. Saboda haka yanzu ruwa kaɗan-kaɗan ake bayarwa, daidai abin da zai riƙe ƙwaƙwalwa, har a toshe ɓulin. Mai buguwar kai kuwa ba a yarda awon jininsa ya yi ƙasa.

Irin wannan mamakin ya sake faruwa a 2011 a Kenya da Uganda da Tanzaniya, inda aka gwada ɗura ruwa da sauri ga yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, aka tarar ya ƙara mace-mace. Abin da kowa ya ɗauka taimako ne, sai da aka ƙirga gawarwaki aka gane.

Wanda ya zubar da jini, jini yake bukata, kuma a nan gizo ke saƙa a wajenmu. Ana kawo mai rauni, sai a shiga buga waya ana neman ɗan'uwa mai irin jininsa, a gwada, a ɗiba, awa biyu ta tafi. Inda masu rauni suka fi tsira, jinin yana cikin firji tun kafin a yi hatsarin, domin mutane sun saba bayarwa ba tare da nasu na kwance ba. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk wata uku. Wani lokaci kuma za ku ga an yi tiyata a gurguje, an cusa auduga an tsayar da jini, an fito da shi ba a ɗinke ciki duka ba, an ce sai jibi a koma. Ba sakaci ba ne. Tsari ne da ya kafu tun 1993: a tsayar da jini, a ɗumama jiki, gyaran tsanaki ya biyo baya in ya sami ƙarfi.

Na ji ana maganar wata allura mai araha da ke rage zubar jini. Wace ce?

Tiranezamik sunanta. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da ita a farkon shekarun 1960, burinta kuwa shi ne mata su daina mutuwa da zubar jini wajen haihuwa. Aikinta shi ne hana jiki narkar da gudan jinin da ya riga ya haɗu a bakin ciwo. Shekaru kusan hamsin ana amfani da ita a cire haƙori da yawan jinin al'ada, ba a gwada ta sosai a kan masu hatsari ba, sai da binciken CRASH-2 ya fito a 2010. Majinyata 20,211 ne, a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. Mace-mace ya sauko daga kashi 16 cikin ɗari zuwa 14.5. Wani zai ce ai kaɗan ne. A lissafa da mutum miliyan huɗu da ɗoriya da rauni ke kashewa duk shekara a duniya, sannan a tuna kuɗin allurar bai kai na ledar jini ɗaya ba.

Sirrinta lokaci. In an yi ta cikin awar farko, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa uku amfaninta ya ƙare, tana ma iya cutarwa. A 2017 binciken WOMAN, wanda aka yi kan mata sama da 20,000, dubbai daga cikinsu a asibitocin Najeriya, ya nuna irin wannan ga masu zubar jini bayan haihuwa. Okamoto ta rasu a 2016, saura kaɗan ta ga sakamakon. Da aka haɗa binciken biyu aka lissafa, sai aka ga kowane jinkirin minti 15 yana cin kashi 10 cikin ɗari na amfanin. Shi ya sa yanzu ake gwada yin ta a tsoka maimakon jijiya, don ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya iya yi kafin ya tura majinyaci birni. Ku riƙe lokacin da hatsarin ya faru, ma'aikaci zai tambaya. Allurar asibiti ce, ba ta saye a yi a gida ba, kuma ba ta ɗinke jijiyar da ta yanke.

Ya faɗi daga babur, ya suma, ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau. Mu tafi gida?

A'a. Akwai jijiya a gefen kai, daidai saman kunne, da in ta tsage jini ke taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Mutum ya tashi, ya yi waya, ya ci abinci, bayan awanni ya kwanta barcin da ba zai tashi ba. In an gano da wuri tiyatarsa tana da kyakkyawan sakamako. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba a iya tayar da shi, farfaɗiya, ruwa ko jini ta kunne ko hanci, mutuwar ɓarin jiki, duk wanda ya bayyana a koma asibiti a daren, a nemi hoton ƙwaƙwalwa.

Nan ma bincike ya taɓa kunyata likitoci. Sama da shekara talatin ana yi wa masu buguwar kai allurar sitiroyid don rage kumburi. Da aka gwada a kan mutum 10,000, sakamakon 2004 ya nuna waɗanda aka yi wa sun fi mutuwa, aka daina. Abin da ya tabbata yana kare ƙwaƙwalwar da ta bugu shi ne iska ta shiga, awon jini kada ya faɗi. Hular kwano kuwa, nazarin da ya tattara bincike da yawa ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kusan 69. Na san uzurin, zafi da kuma hular da wani ya sa. Ban taɓa jin uzurin daga bakin uwar da ke jinyar ɗan da bai gane ta ba.

Danna ƙirji da muke gani a talabijin yana dawo da wanda zuciyarsa ta tsaya?

Yana riƙe ƙwaƙwalwa da rai kafin a gyara abin da ya tsayar da zuciyar. A 1960 masu bincike a asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa ba sai an tsaga ƙirji ba, danne daga waje ya isa ya tura jini. Ƙwaƙwalwa tana soma lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini, don haka wanda ke kusa ne kaɗai zai iya. In mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko sai kakari jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya hura iska sau biyu bayan kowane danne 30, wanda bai koya ba ya ci gaba da danne kawai, ana karɓa-karɓa duk minti biyu. Haƙarƙari yana iya karyewa, yana kuma warkewa. Mu da mun ji kakari sai mu soma salati mu ja mayafi. A yi salatin, hannu na danna ƙirji. In mace ce kuma babu mace a kusa, malamai sun daɗe da bayanin hukuncin lalura.

Ba na son a ɗauki abin kamar na fim. Mafi yawan waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti ba sa tashi, ko a Ingila. Can ne ma aka gwada allurar adirenalin, mai zaburar da zuciya, kan mutum 8,000 a 2018, aka ga ta ɗaga masu rai bayan wata ɗaya daga kashi 2.4 cikin ɗari zuwa 3.2 kacal. Danna ƙirji ya fi amfani ga wanda lantarki ya ja, bayan an kashe wutar, da yaron da aka tsamo daga kududdufi ko dam irin na Ajiwa da Zobe. Shi wanda ya nutse iska ce ta yanke masa, don haka hura masa iska a baki wajibi ne, kuma kada a ɓata lokaci ana matsa ciki wai ruwa ya fito. Wanda kuwa jininsa ne ya ƙare, danna zuciyar da ba komai a cikinta ba ya kai ko'ina. Tsayar da jinin ne gaba.

Harbin bindiga ne. Sai mun kawo takardar 'yan sanda?

Doka ta ce a'a. Dokar tilasta kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba nan take, da takarda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da soma magani, kuma dokar ta hana a tsangwami wanda ya taimaka ya kawo shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta ƙin ba da agajin gaggawa. Ƙaramin rami a fata ba ya nuna girman ɓarnar ciki, kuma a duba baya da hammata, sau da yawa ramin na biyu yana can. Zaƙulo harsashi ba shi ne gaggawa ba, akwai ma wanda likita ke bari a jiki.

Wanda ya suma ba zai iya cewa ya yarda ba. Yaya ake bincike a kansa? Ba gwaji ake yi da mu ba?

Tambayar tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano kan yara kimanin 200, rabi sabon maganin, rabi wani da aka saba. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ƙa'idar yanzu ita ce ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, a ƙarƙashin kwamitin ƙasa. In majinyaci ba ya cikin hayyacinsa a nemi ɗan'uwansa, in babu kuma jira zai cutar, wasu binciken an yarje musu su fara, a nemi izinin ci gaba daga baya. Kuna da ikon ku ce a'a, kuma ba za a rage muku kulawa ba. Ni dai ba na goyon bayan mu rufe ƙofa, domin sitiroyid da ruwan leda sun nuna cewa maganin da ba a gwada ba shi ma gwaji ne, sai dai babu mai ƙirgawa. Kuma namu suna cikin masu jan ragamar. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin ɗari, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya.

Karaya ce. Asibiti ko wurin maɗori?

Ba zan ce maɗori bai taɓa warkar da kowa ba, ƙashin da bai goce ba yakan haɗe in aka hana shi motsi. Matsalar ita ce ba ya ganin ciki. Karayar da ƙashi ya ɓula fata tana bukatar wanki a ɗakin tiyata da maganin ƙwayoyin cuta cikin awanni. Ta cinya, ta ƙugu, ta baya, ta cikin gaɓa da ta gwiwar hannun yaro, duk na asibiti ne. Gaɓar da ta karye tana kumbura kwana biyu zuwa uku, in an ɗaure ta tamau da kara, jini ya yanke, naman ya mutu. Yatsu sun yi sanyi ko baƙi, sun daina ji, zafi ya wuce misali, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a ranar. Yara da dama da aka yanke wa hannu a Arewa ba hatsarin ne ya ci hannun ba, ɗaurin ne. Ko ba komai, a fara ɗaukar hoto.

An sallame shi, ciwo ya warke, amma ba ya barci, ba ya son shiga mota, ya zama mai faɗa. Wasu sun ce iska ce.

Sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. Ta fuskar jiki, tun ran gini tun ran zane: gashi da motsa gaɓoɓi tun yana kan gado ake fara su, domin doguwar kwanciya tana cinye tsoka, ta sandarar da gaɓa, ta sa jini ya yi guda a ƙafa. Wanda lakarsa ta taɓu a riƙa juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, a ba shi abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, nono, nama in da hali.

Firgita, mugun mafarki da ganin abin yana dawowa a ido, yawancin mutane suna yin su a makonnin farko, su kuma lafa da kansu. An gwada zaunar da mutum nan da nan a sa shi ya zayyana duk abin da ya faru, aka ga bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu. Don haka 'yan dubiya su rage "yaya abin ya faru?", mutum ashirin a yini suna sa shi maimaita ranar. A zauna da shi, a yi masa addu'a, in ya so magana a saurara. In an wuce wata guda abin bai ragu ba, ko ya soma neman tiramol don ya runtsa, ko yana cewa gara ya mutu, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre wanda aka gwada aka ga yana aiki. Direban da ya tsira fasinjansa ya rasu, da yaron da aka harbi mahaifinsa a gabansa, su ma a sa musu ido, ko da ba su da ƙwarzane a jiki.